Ina dukiya take kwana? Hasumiyar Agadas da dogayen benayen Amurka

 A wannan mako filin namu zai ɗaga kai ya dubi sama, mu yi magana a kan dogayen gine-gine: su wa ke gina su, da kuɗin me, kuma me ya sa suke tashi a wani gari su ƙi tashi a wani. Wataƙila wani ya ce, mu da ke fama da ƙarancin ruwan sha da ɗaukewar kuran, ina ruwanmu da benaye masu hawa ɗari na ƙasar Amurka? To, a yi haƙuri a bi mu sannu. Duk wanda ya san Arlit da Akokan da Cirozerin, in ya saurari tarihin waɗannan benaye da kunnen basira, zai ji labarin garinsu a ciki.

Mu fara daga gida. A duk faɗin jihar Agadas babu ginin da ya kai hasumiyar babban masallacin Juma'a suna. Tsawonta mita 27 ne, da ƙasa aka yi ta, kuma ana lissafa ta cikin gine-ginen ƙasa mafi tsawo a duniya. Masana tarihi suna kai asalinta wajen shekarar 1515, zamanin da ikon Askiya Muhammadu na Songai ya kai har Abzin, labarin da aka gada daga kakanni kuma yana danganta aikin ga wani bawan Allah mai suna Zakariya. An sake gina ta a 1844. Bayan shekara shida, a 1850, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasashenmu da sunan Abdul Karim, ya iso Agadas ya gan ta, ya kuma kai labarinta Turai. Dabarar maginan a fili take ga mai ido: gindi mai faɗi, jiki yana tsukewa sannu a hankali har ƙololuwa, ga itatuwan goruba da aka gitta cikin bango, suna ɗaure ginin, suna kuma zama matakala ga masu yaɓe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya, hasumiyar nan kuwa ita ce tambarinsa.

Ba shakka don Allah aka gina ta, domin kiran salla da nuna wa matafiyi gari daga nesa. Amma magini ba ya aiki da yunwa, mai kwaɓa ƙasa da mai ɗebo ruwa su ma sai an ci da su. Ina Agadas ta samo ƙarfin ɗaukar wannan nauyi? Gishirin da ayari ke ɗaukowa na Bilma ne da Fashi. Gero na Damargu ne. Turkuɗi da sauran tufafin rini daga ƙasar Kano suke zuwa, kayan ƙetare kuma daga Gat da Gadamas da Tarabulus. Kaɗan ne daga cikin wannan haja ake samarwa a Agadas. Abin da garin ya mallaka shi ne zango da kasuwa da fada: nan ake sauke kaya, a ƙirga, a yi ciniki, a ba da bashi, a yanka haraji. Har sarauta guda aka keɓe, ta Sarkin Turawa, mai kula da fataken ƙetare da abin da ake karɓa a kan kayansu, Turawa kuwa a bakin mutanen wancan zamani su ne Larabawan arewa. Ke nan dukiya tana fitowa daga wurare da dama, amma a Agadas take kwana. Wannan shi ne zancenmu na yau: dogon gini yana tashi a inda ake riƙe da littafin lissafi, ko da kuwa ramin da aka haƙo dukiyar yana can wata uwa duniya.

Yanzu mu ƙetare teku mu ga ko haka abin yake a Amurka, ƙasar da ta fara gina benayen zamani masu taɓa gajimare. Mahaifarsu birnin Shikago ne, mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa, inda alkama da masara da shanu da katako na jihohin tsakiyar ƙasar ke taruwa a yi musu kuɗi. A watan Oktoba na 1871 gobara ta cinye tsakiyar birnin. Da aka tashi sake gini, kowane kamfani yana son bironsa ya kasance kusa da bankuna da kasuwar hatsi, fili kuwa ya yi tsada ƙwarai. Mai ƙaramin fili sai ya ga ba shi da hanyar ninka kuɗin haya in ba ya ɗora hawa bisa hawa ba.

Abu biyu suka tare masa hanya. Na farko bango. Muddin bango ne ke ɗauke da nauyin gini, ƙarin tsawo yana bukatar ƙarin kauri, kamar yadda maginan Agadas suka gano tun da daɗewa. Akwai wani bene a Shikago mai suna Monadnock, hawa 16 na tubali, wanda aka gama sashensa na farko a 1891: kaurin bangonsa daga ƙasa ya kusa mita 2, har ya cinye wurin da ya kamata a ba da haya. Tun kafin a gama shi ma an riga an fara samun maganin abin, domin a 1885 wani injiniya mai suna William Le Baron Jenney ya gina wa kamfanin inshora na Home Insurance bene mai hawa 10, mita 42, wanda ƙashin ƙarfe ne ke ɗauke da mafi yawan nauyinsa, bango kuma ya koma kamar riga a jikin mutum. Abu na biyu matakala, don ba mai biyan haya ya hau hawa goma da ƙafa kullum safiya. Maganinta shi ne asansar, wato akwatin nan da ke hawa da mutane ya sauko da su. A 1854, a wani bajekoli a birnin Niyu Yok, Elisha Otis ya tsaya cikin nasa akwatin a gaban jama'a, ya sa aka yanke igiyar, birkin da ya ƙera ya kama, akwatin bai faɗo ba. Daga ranar nan tsoro ya fara fita daga zukatan mutane.

To, su wa suka ci moriyar ƙarfe da asansar? A 1913 Frank Woolworth, ɗan kasuwar da ya yi arziki da shagunan ƙananan kaya na senti 5 da senti 10, irin hajar mai tebur, ya buɗe benensa a Niyu Yok, mita 241, ya biya dalar Amurka miliyan 13 da rabi hannu da hannu, ba bashin banki. A 1930 mai kamfanin motoci Walter Chrysler ya kai nasa mita 319. A ranar 1 ga Mayu 1931 aka buɗe Empire State, hawa 102, mita 381, bayan aikin kwana 410 kacal. A duba da kyau: cikin waɗannan gine-gine ba a narka ƙarfe, ba a ƙera mota, ba a haƙar komai. Abin da ke ciki shi ne darektoci da akawuna da lauyoyi da ma'aikatan banki, masu alƙalami da takarda.

Labarin man fetur ya fi kowane fito da abin fili. A 1859 aka haƙa rijiyar mai ta farko da ta yi suna a Titusville, cikin jihar Fensilbaniya. A farkon 1865 mai ya ɓulla a wani daji kusa da nan, sai ga gari ya tsiro, ana kiransa Pithole. Kafin shekara ta ƙare mutanensa sun kai 15,000, ga otal-otal fiye da 50. Da rijiyoyin suka fara ƙafewa kowa ya kama gabansa, ƙidayar 1870 ba ta sami mutum 300 a wurin ba, yau kuwa ciyawa ce ta rufe titunansa. Shi kuwa John Rockefeller, wanda ya kafa kamfanin Standard Oil a 1870, bai damu da haƙa ba, sai ya kama tacewa da sufuri da sayarwa. A 1885 babban biron kamfanin ya koma Niyu Yok, a shekarun 1930 kuma ɗansa ya gina unguwa guda ta benaye mai suna Rockefeller Center, mafi tsawonsu ya kusa mita 260. Hausawa sun riga sun faɗa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu dawo gida da wannan ma'auni a hannu. A 1957 masu neman jan ƙarfe suka ci karo da alamun uraniyom a Azelik. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAÏR, aka soma gina garin Arlit a tsakiyar hamada, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, a 1971 kuma ma'adini ya fara fita. A 1974 aka kafa COMINAK, wanda ya fara aiki a 1978 kusa da Akokan, cikin rami mai zurfin kimanin mita 250. Don ba izin-izin ɗin nan kuran aka kafa SONICHAR a 1975, santiral ɗinta ta Anu Araren, nan Cirozerin, ta fara ƙona gawayin ƙasa a 1981. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, kamyoyi suka yi shekaru suna kai ganguna har Paraku, jirgin ƙasa ya kai su Kwatano, jirgin ruwa ya wuce da su Faransa. Gaskiya kuma ba a ɓoye ta: kamfanonin sun gina gidajen ma'aikata da asibitoci, dubban iyalai sun ci abinci, Agadas ma ta sami haske daga Anu Araren.

Amma ina benayen suka tashi? Da farashin uraniyom ya hau a zamanin Shugaba Seyni Kountché, ma'adinin ya zama fiye da rabin abin da Nijar ke sayarwa waje. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 fuskar Yamai ta sake: ga otal Gaweye a bakin kogi, ga babban zauren taro na Palais des Congrès, ga benen ONAREM, hukumar da ke riƙe da kason ƙasa cikin kamfanonin ma'adinai. Da farashin ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai gine-gine suka tsaya, bashi ya rage, a 1983 ƙasa ta nufi Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Can kuma a unguwar La Défense, a bakin birnin Paris, akwai wani baƙin bene mai hawa 44, mita 184, wanda aka gama a 1974. Kamfanin motoci na Fiat aka gina wa shi tun asali, da taimakon masu zanen gini na Amurka, ba da kuɗin Arlit ba. Sai dai daga baya ya ɗauki sunan Framatome, sannan ya yi shekaru ana kiransa da sunan Areva, kamfanin da ya gaji COGEMA wajen riƙe babban kaso a ma'adinanmu. A irin waɗannan birori ne ake tsara abin da za a haƙa da wanda za a sayar wa.

Mu kuma me ya yi tsawo a wajenmu? A Cirozerin, in baƙo ya nemi abu mai tsayi, bututun hayaƙin santiral za a nuna masa. A Akokan kuwa, ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, bayan ya fitar da kimanin ton 75,000 na uraniyom. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Abin da ya rage a bayan gari shi ne dattin izin, wajen ton miliyan 20, shimfiɗe a kan hekta 120, mai ɗauke da sauran tururin ma'adinin, wanda kamfanin ya ɗauki alkawarin rufewa da yumɓu da duwatsu. A wasu wurare tsibin ya kai mita 35. Mai karatu ya auna da kansa: shekara 43 na haƙa sun bar mana tudun da ya ɗara hasumiyar Agadas da mita 8, ba mai hawansa ya kira salla, ba kuma mai so iskarsa ta kaɗo gidansa.

Kada a ɗauka muna kukan rashin bene mai hawa ɗari ne. Tarihin Amurka kansa ya nuna tsawo ba ya tsare arziki. Empire State ya buɗe cikin tsananin karayar tattalin arziki, ya yi shekaru mafi yawan ɗakunansa ba kowa, bai fara kawo riba ba sai wajen 1950. Kamfanin Sears, wanda ya taɓa zama babban mai shaguna na duniya, ya gama benensa a Shikago a 1974, mita 442, ya riƙe kambin tsawo fiye da shekara 20. Kafin tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya kwashe ma'aikatansa daga ciki, a 2009 aka sake wa ginin suna, a 2018 Sears ya karye. Bayan haka mu fili bai yi mana ƙaranci ba, dalilin da ya tura mutanen Shikago sama babu shi a Abzin. Dogon bene kuma a garin da kuran ke ɗaukewa azaba ne ga tsoho da mai ciki da mai ɗauke da jarkar ruwa. Bene alama ce kawai. Abin da ya kamata mu yi kishi shi ne aikin da ake yi a cikinsa.

Akwai garuruwan da suka gane haka da wuri. Hibbing wani garin ma'adinin ƙarfe ne a jihar Minesota. Kamfanin da ke haƙa a wurin reshe ne na U.S. Steel, wanda daga baya ya gina benensa mai hawa 64 a Fitsbag, fiye da kilomita 1,000 daga ramin. Hukumar garin ta dage wajen karɓar haraji daga kamfanonin. Da aka ga ma'adini na kwance ƙarƙashin gidaje, aka soma ɗauke garin a 1919 zuwa wajen kilomita 3 kudu, mutanen ba su tashi hannu banza ba: a farkon shekarun 1920 aka gina musu makarantar sakandare da ta ci kusan dalar Amurka miliyan 4, har yau kuwa ana karatu a cikinta. Nan kusa da mu ma, a Najeriya, gwamnatin jihar Yamma ta riƙe lissafin koko a Ibadan, tsakiyar ƙasar manoman. A 1965 ta buɗe Cocoa House, hawa 26, mita 105. Amma shekara goma kafin benen, a 1955, ta riga ta buɗe karatun firamare kyauta, koko kuwa shi ne ƙashin bayan baitulmalinta. Makaranta ta riga bene, kuma ita ta fi shi amfani.

Wannan magana ta zo a kan gaɓa. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa, bayan doguwar taƙaddama da Orano, sunan da Areva ya koma ɗauka tun 2018. Mai riƙe da hannun jari ya sake, amma tambayar mutumin Arlit tana nan: in littafin lissafi ya baro Paris ya tsaya Yamai, kilomita fiye da 1,000 daga ramin, me ya ƙaru a gidansa? Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai don kwaminonin jihar da aka haƙo su, ƙungiyoyin farar hula na Arlit kuwa sun sha kokawa kan jinkirin isowar wannan kaso. Kada rijiya ta bayar guga ya hana. Ga kuma zinariya da ta ɓulla a Jado da Cibarakatan a 2014, wadda babban kasonta Dubai yake nufa, birnin Burj Khalifa mai mita 828. Sansanonin masu haƙar nan ba su da bambanci da Pithole, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga ƴan'uwanmu ma'aikatan gwamnati, na baitulmali da na ma'aikatar ma'adinai da na kwaminoni: duk abin da ya shigo da sunan kason ma'adini, a rubuta adadinsa da ranar isowarsa da aikin da aka yi da shi, a manna a ƙofar meri, a karanta a rediyo da Hausa da Tamajak. A nemi birorin saye da na biyan kwangila da ɗakunan gwajin ma'adini su zauna nan cikin jiha, domin inda ake sa hannu nan banki ke buɗe reshe, nan ɗan kasuwa ke samun oda. Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014 a ba ta kayan aiki, ta fitar da injiniyoyi da akawunan da za su iya karanta kwangila su gane abin da ke cikinta.

Ku kuma alhazanmu ƴan kasuwa, da yawa cikinku a Arlit kuka sami jarinku, da jigilar kaya da sayar wa ma'aikata abinci da tufafi, amma gidan sama sai ku je ku kafa shi a Yamai ko Maraɗi. Dukiyarku ce, ba mai hana ku. Sai dai ku tuna fataken da suka gabace ku, waɗanda suka bar wani abu a zangon da ya ciyar da su, shi ya sa har yau matafiyi ke hango Agadas daga nesa. Sito, garejin gyaran manyan injuna, wurin adana albasa da lemun da ake nomawa a kwarurukan Abzin, makarantar koyon sana'a: kowane ɗaya cikin waɗannan zai riƙe wani yaro a garinsu ranar da ramin ƙarshe ya rufe. Ma'adini ba gona ba ne da za a sake shukawa baɗi, Akokan ta shaida.

Allah ya sa mu gyara tun rana ba ta faɗi ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.